Wace kalma za mu ba "cryopump" a Hausa?

Malamin fizik, Bauchi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirya darasi da Hausa kan LHC, na'urar haɗa ƙananan ƙwayoyi karo ta CERN, cibiyar binciken fizik ta Turai, zoben nan mai tsawon kilomita 27 da ke ƙarƙashin ƙasa a iyakar Faransa da Suwizalan. Bututun da furoton, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, ke gudu a cikinsa dole a kwashe masa iska kusan ƙarƙaf, in ba haka ba ƙwayoyin su riƙa karo da ita suna watsewa. Ana yin wannan da tsananin sanyi. Me za mu kira abin da ke wannan aiki, wanda Turawa ke cewa "cryopump"?

Ɗalibi, Kashere: Malam, famfon sanyi mana.

Malamin fizik: Ɗana, ka faɗa wa mutumin Wunti "famfon sanyi", ruwan sha zai kawo a ransa. Kuma famfo ja yake yi ya tura waje. Wannan ba ya tura komai ko'ina.

Malama, Gombe: Nan ne gizo ke saƙa. Maganaɗisun LHC ana sanyaya su da ruwan hiliyom zuwa digirin Kelbin 1.9, wato kusan 271 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, kuma bangon bututun yana cikin wannan sanyi. Kusan duk ƙwayar iskar da ta taɓa shi sai ta maƙale ta daskare, kamar ƙanƙarar da ke taruwa a jikin firiza. Iskar tana nan ciki, an dai ɗaure ta ne. Har akwai wani bututu na ciki mai ƙananan ramuka, ɗuminsa Kelbin 5 zuwa 20, wanda iska ke bi ta ramukansa ta je ta manne a bango mafi sanyi, inda hasken da furoton ke fitarwa ba zai sake tayar da ita ba. Ni na ce tarkon sanyi.

Injiniya, Bauchi: Hajiya, kalmar ta yi daɗin baki, sai dai akwai wata na'ura dabam a ɗakin gwaji, mai tare tururin mai da na ruwa kafin su isa famfo, kuma ita ta fi cancantar wannan suna. Kada mu haɗa wa yara biyu a suna ɗaya. Me zai hana madaskarin iska? Ginin kalmar irin na mabuɗi da madubi ne.

Malama: Ina da ja kaɗan. A na'urorin da sanyinsu bai wuce Kelbin 10 zuwa 20 ba, haidurojin da hiliyom ba sa daskarewa. Gawayi ake manna wa farantin sanyi da ke cikin na'urar, sau da yawa na ɓawon kwakwa, ƙofofinsa su riƙe su.

Injiniya: Gaskiya ne, amma ruwa da naiturojin da iskar shaƙa duk daskarewa suke yi, kuma gawayin ma sai da sanyi yake kamu. Sunan ya bi rinjaye, gawayin a yi masa bayani a darasi.

Malamin fizik: Na karɓa, Allah ya saka da alheri. Na'urar madaskarin iska, aikin kuma daskarar da iska. In ya cika aka ɗumama shi don ya saki abin da ya kama, sai mu ce narkarwa. Ɗana na Kashere, ka gwada su a ajinku ka dawo mana da yadda suka zauna a bakin ɗalibai.