Shin an yi gaggawa wajen cire MJIT daga Ruby?

Malam Lawal, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Jiya wani ɗalibina ya sabunta Ruby, yaren rubuta manhaja, zuwa 3.3, ya nemi MJIT bai samu ba, ya zo yana tsammanin shi ne ya yi kuskure. Ra'ayina shi ne masu kula da yaren sun yi gaggawa. An shigo da wannan kwamfaila ta JIT, wato mai mayar da rubutun Ruby zuwa yaren inji yayin da manhaja ke gudana don ƙara sauri, a Ruby 2.6 a Disambar 2018, kuma da ita aka cika alkawarin cewa Ruby 3.0 za ta ninka Ruby 2.0 sauri sau uku a gwajin Optcarrot, amma bayan shekara biyar kacal, a Disambar 2023, aka fitar da ita kamar ba ta taɓa amfani ba.

Hajiya Rabi, Daura: Wa'alaikumus salam, Malam. Tun ranar da ta shigo an bayyana ta a matsayin gwaji, ba a yi wa kowa alkawarin za ta dawwama ba. Mu kuma duba yadda take aiki: tana rubuta fayil na yaren C a daidai lokacin da manhaja ke gudana, sannan ta kira kwamfailar C, wato GCC ko Clang, ta mayar da shi yaren inji, ta ɗora sakamakon. Wato dole a ajiye kwamfailar C a kan sabar da ke yi wa jama'a aiki, ga jinkiri kafin saurin ya fara bayyana. Optcarrot kuwa manhaja ce mai kwaikwayon tsohuwar na'urar wasa ta Nintendo, alhali yawancinmu da Rails, tsarin gina manhajojin yanar gizo da Ruby, muke neman abinci, kuma a can ɗin MJIT ba ta tsinana abin a zo a gani ba.

Malam Lawal: Na yarda da batun Rails. Sai dai abin da kike ɗauka aibi shi ne ƙarfinta, domin bin hanyar C ya sa ba ta ɗaure da nau'in firosesa guda ba. YJIT, ɗaya kwamfailar JIT da ke cikin Ruby, tana aiki ne a firosesa nau'in x86-64 da arm64 kawai, RJIT da aka sa a gurbin MJIT a Ruby 3.3 kuwa x86-64 kaɗai ta sani. Mai wani injin daban fa, ina zai nufa?

Aminu: Gafarta Malam, a cikinmu nan Katsina wa ke da irin wannan injin? Kwamfutocin da muke saye da sabobin da muke haya duk ba su wuce waɗannan biyun ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne nauyin kulawa, domin duk lokacin da aka taɓa umarnan cikin injin Ruby, sai an tabbatar kowace kwamfaila ta bi sahu, kuma mutanen da ke iya wannan aiki ƙalilan ne. Takashi Kokubun, wanda ya daɗe yana riƙe da MJIT, shi ne da kansa ya rubuta RJIT. Mai rumbu ne ya ga rumbunsa ya tsufa ya sauke shi, ba baƙo ba.

Malam Lawal: Wannan hujja ta Kokubun ta yi nauyi, Aminu, ban musa ba. Duk da haka, rashin irin injin a hannunmu bai sa masu shi sun daina zama masu amfani da Ruby ba.

Hajiya Rabi: Ruby ɗin tana ci gaba da gudana a injinansu, saurin JIT ne kawai suka rasa, kuma rubutun MJIT yana nan a tarihin ma'ajiyar ga duk mai niyyar ɗaukar ɗawainiyarsa. Shi ɗalibin naka, ka ce ya koma YJIT, ya buga ruby --yjit -v. Idan bai ga alamar +YJIT ba, to an gina Ruby ɗinsa babu Rust, yaren da aka rubuta YJIT da shi, sai ya girka Rust ya sake ginawa.

Malam Lawal: Zai zo bayan La'asar, za mu gwada tare a kan aikinsa na Rails.