Yarona yana son shiga ƙungiyar kiɗan kpanlogo, me kuka sani a kai?

Tela daga Nima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata uku ke nan da tasowa daga Kumasi na zauna a Ankara, babban birnin Ghana, ɗinki nake yi a unguwar Nima. Ɗana na fari, mai shekara 14, ya yi abota da yaran Ankarawa, wato 'yan ƙabilar Ga, a makaranta, duk Asabar sai su tafi Jamestown wurin wani mai koyar da kiɗa. Makon jiya na bi shi don idona ya gane mini. Na tarar da ganguna uku dogaye masu ƙaton ciki, an kewaye wuyansu da turakun itace da ke riƙe fatar, kuma da tafin hannu ake kaɗa su, babu makaɗi. Wani yaro na buga ƙarfe mai kama da kugenmu, wani na girgiza caki. Ba zan ɓoye muku ba, kiɗan ya shiga jikina, kuma ban taɓa ganin yaron nan ya natsu a kan wani abu haka ba. Amma hankalina bai kwanta ba. Tsorona kada ya zama kiɗan tsafi ne. Don Allah wanda ya san asalinsa ya fahimtar da ni kafin na ba shi amsa.

Dattijon Sabon Zango:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A garin nan aka yanke mini cibiya, bari na faɗa maka abin da na sani. Kiɗan bautar Ankarawa dabam yake. Akwai wanda suke kira kple, na sarakunan tsafinsu ne da ake ce wa wulomei, shi ne wanda ake yi har abin ya hau kan mata kamar yadda bori ke hawa. Kpanlogo kuwa wasan samari ne. A farkon shekarun 1960 ya ɓullo a wajajen Bukom, unguwar nan ta masunta da 'yan dambe, kuma wani saurayi mai suna Otoo Lincoln ake danganta shi da shi. Shi da abokansa suka ɗebo daga tsofaffin kiɗe-kiɗen nishaɗi irin su oge da kolomashie, suka cakuɗa da salon hailaif da rawar zamanin. Sunan ma daga tatsuniyar Ananse ya fito, wato Gizonsu, sunan ɗaya daga cikin wasu 'yan mata uku ne.

Abin da zai ba ka mamaki, dattawan Ankarawa su suka fara ƙin sa, suna cewa rawar ba kunya a cikinta. Sai da hukuma ta karɓe shi a zamanin Nkrumah sannan ƙurar ta lafa. Yanzu ga shi a biki, ga shi a makoki, ga shi a makarantu.

Uwar gida daga Mamobi:
Baba ya yi gaskiya, amma ni a matsayina na uwa ga inda nake so ka sa ido. Gangar ba ita ce damuwa ba, wurin da za a kai yaron ya buga ta shi ne. Ƙungiyoyin nan ana ɗaukar su haya zuwa makoki, wani lokaci a kwana ana kiɗa, ga giya tana yawo. Ka zauna da mai koyarwar ku yi magana ta fahimta: darasin rana e, fita da dare a'a, kuma in lokacin salla ya yi a sake shi. Sannan ka nemi wanda ke jin Ankaranci ya fassara maka waƙoƙin, domin wasu na raha ne da habaici, wasu kuma ba su dace da bakin yaro ba.

Kafinta ɗan Tudu:
Malam, in ka koma ka tambaya a nuna maka gome. Ganga ce mai kusurwa huɗu kamar akwati, makaɗin a kanta yake zama, yana buga ta da hannu yana danna fatar da dunduniya don ya sauya mata murya. Ma'aikatan Ankarawa da suka je ci-rani tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, ne suka dawo da ita. Kuma kada ka yi mamaki in wajen watan Mayu aka dakatar da darasi. Kafin Homowo, bikin girbin Ankarawa, sarakunan gargajiya kan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda.

Tela daga Nima:
Allah Ya saka muku da alheri, Baba da Hajiya da ɗan uwa kafinta. Jiya na je na sami mai koyarwar. Ya amince da sharuɗɗana duka, har ya ce akwai yara biyu daga zango a wurinsa, in la'asar ta yi tare suke tafiya masallaci. Da na ce masa kakana makaɗin kalangu ne, sai ya shiga ɗaki ya ɗauko irin tasu gangar, wadda suke kira odono, ya miƙo mini. Na matse ta a hammata na ɗan taɓa, yaron nawa ya tsaya yana kallona baki buɗe. Asabar mai zuwa tare za mu je.