Jitar rock ta gyara muryar Mylène Farmer ne ko danne ta ta yi?

Ɗan Damagaram:
Salam jama'a. Dan Allah masu harkar situdiyo ku fidda ni daga duhu. Tun ina lise nake jin Mylène Farmer, mawaƙiyar nan ta Faransa, a kasat ɗin yayana na fara jinta, kuma abin da ya kama ni muryarta ce, siririya mai iska kamar tana maka raɗa a kunne. To jiya na koma kan Anamorphosée, album ɗin da ta je Los Angeles ta yi a 1995 aka cika shi da jitar lantarki da ganguna masu nauyi, sai naji kamar ba ita ba. A waƙar XXL akwai inda sai na kasa kunne sosai kafin in tsinci kalmomin alhali ina jin faransanci. Muryar ce ta canja ko kiɗan ne ya hau kanta?

Mai Haɗa Sauti:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Duk biyun ne. Jita in aka sa mata wannan ƙarar mai gurnani, wurin da take zama a sauti shi ne dai inda baƙaƙen magana suke fitowa, wajen kilohaz 2 zuwa 4, su t da k, to mai waƙa da iska a murya dama ba ta da ƙarfi a nan, jitar na shigowa sai ta lulluɓe ta. Abin da muke yi sai a tura jitocin gefe, ɗaya hagu ɗaya dama, a bar tsakiya wa murya, a ɗan rage musu wancan wurin, a matse muryar da kwamfuresa don kada ta riƙa ɓacewa, wani lokaci a sa mawaƙiyar ta rera layi ɗaya sau biyu a ɗora su kan juna ya yi kauri. Amma na'ura ba ta yin komai da komai fa, dole ita ma ta taso sautin daga ƙirji.

Ummu Hanan:
Malam Ɗan Damagaram ni kam ban yarda an danne ta ba wallahi. Je ka sake jin L'Instant X, ta sauko da muryar ƙasa, tana yanka kalmomin gajeru gajeru suna bin ganga, abin da ba ta cika yi ba a zamanin waƙarta Désenchantée ta 1991 da kiɗan madannai ke ɗauke da ita tana jan sauti yadda ta ga dama. Kuma mai haɗa mata kiɗa bai canja ba, Laurent Boutonnat ne dai, jitar ce ta Jeff Dahlgren. Ni a nan na fara jin tana da jini a jika. A cikin album ɗin akwai Rêver, can muryar da ka sani tana nan ba abin da ya same ta.

Tsohon Makaɗi:
Yarana akwai abu ɗaya da ba ku taɓo ba, harshen kansa. Faransanci yana ajiye nauyin magana a ƙarshen jimla ne, shi kuwa rock bugu na 2 da na 4 yake dannawa, sai mawaƙi ya riƙa nauyaya gaɓar da ba a nauyaya ta a magana, shi ya sa kalmar ke zamewa kunne. Ga kuma al'adar Faransawa ta sa murya gaba da kiɗa saboda baitin ake saurare. Marigayi Johnny Hallyday, mawaƙin rock na Faransa, bai sha wannan wahalar ba don muryarsa mai kauri ce da tsatsa, ta iya fasa jita ko a babban filin wasa na Stade de France kamar yadda ya yi a 1998.

Ɗan Damagaram:
Nagode ƙwarai Baba, wannan ta harshen ban taɓa lura da ita ba. Aunty na sake jin L'Instant X da abin kunne, gaskiyarki ta sauko, amma har yanzu ni raɗar nan ce ke taɓa min zuciya. Mai Haɗa Sauti, to a dandamali fa da ba damar rera layi sau biyu, ya ake yi da ita?