Saiwar Albasa, Alfadari da Zare 46

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya a ɗakin gwaji na nuna wa yara bakin saiwar albasa a madubin hangen ƙwayoyi. Wata ɗaliba ta ɗago kai ta ce, "Malam, in ƙwayar halitta kwafin kanta take yi, me ya sa ban yi kama da yayata ba, ga mu uwa ɗaya uba ɗaya?" Jigon makon nan ke nan. Babban amsa-amo: wa.

Da sunan Allah nake farawa,
Shi ne Mai ƙagen rayuwa.

Na yanko saiwar albasa,
Kwana uku tana cikin ruwa.

Na ɗiga rini, na danne gilashi,
Yara suka yi layin dubawa.

Ɗakuna jere kamar tubali,
Wasu sun kama hanyar tsaguwa.

Masani Virchow ya faɗa tun 1855,
Ƙwaya daga ƙwaya take zuwa.

Wa zai faɗi yadda guda ɗaya
Ke zama biyu ba a yi raguwa?

Ɗalibar Likitanci:
Malam, a gafarce ni, zan shiga da ƙwar biyar.

Malam, na ji kira na amsa,
Ɗaliba ce, kada a ƙosa,
Maitosis ce a saiwar albasa,
Ita ke sa yaro ya tasa,
Da ita miki ke warkewa.

Kafin rabo sai an yi kwafi,
Littafin gado, shafi da shafi,
Zare ya dunƙule ya yi ƙarfi,
Katangar cibiya can a zurfi
Ta rushe ba ta tsayawa.

Su yi sahu ɗaya a tsakiya,
Kowanne an ɗaure shi da igiya,
A ja, tagwaye su ba juna baya,
Wasu gabas wasu yamma tafiya,
Ƙugu ya tsuke, sai rabuwa.

Zaren nan shi ne kuromosom, mutum yana da 46, kuma kowace sabuwar ƙwaya tana tashi da 46 cif. Walther Flemming na Jamus ya raɗa sunan maitosis a 1882, daga kalmar Girka mai nufin zare. Masu jarrabawa su riƙe jerin matakan rabon: furofes, metafes, anafes, telofes.

Malam Mai Alli:
Madalla, sai dai gyara kaɗan.

'Yata, kin yi, amma albasa
Ba ta da ƙugun tsukewa.

Dabba ke ɗamara ta yanke,
Tsiro bango yake ginawa.

Kamar magada sun ja katanga,
Gida ɗaya ya zam na rabawa.

Zarenta 16 ne kacal,
Shi ya sa take daɗin ƙirgawa.

Baba Mai Alfadari:
Allah ya yi muku albarka. Ni boko bai yi nisa ba, jikana ke danna min wayar, amma lissafin kasuwa ba a cuta ta.

Uba ya zo da 46,
Ga 46 a hannun uwa.

Ɗa ya kwashe 92,
Jika kuma sai ninkawa?

In haka ne tattaɓa-kunne
Buhu zai nema na zubawa.

Sannan ga alfadarina a turke,
Shekara goma ba haihuwa.

Ya fi jaki jimirin kaya,
Me ya toshe masa yaɗuwa?

Ɗan Ɗakin Gwaji:
Baba, ranka ya daɗe, ka taɓo inda ake so.

Lissafinka bai karye ba,
Shi ya sa aka yi ragewa.

Mayosis ke wannan aiki,
Ba ko'ina take zaunawa.

Maraina ne da ma'ajiyar ƙwai,
Nan kaɗai take girkawa.

Kwafi sau ɗaya, rabo sau biyu,
Ƙwaya huɗu ke fitowa.

Kowacce 23 ta riƙe,
Rabin gado ba ƙarawa.

Ranar da maniyyi ya riski ƙwai,
46 ke dawowa.

Kafin rabon akwai wata sabga,
Nan ne asirin bambantawa.

Zaren uba ya nemi na uwa,
Su jeru biyu-biyu da rungumewa.

Ka ba ni guntu in ba ka guntu,
Kamar baitocin da muke miƙawa.

Masani Morgan ya gano shi a 1911,
A ƙudan da ke bin 'ya'yan itatuwa.

Batun dabbarka kuwa, Baba: goɗiya 64 gare ta, ta ba da 32. Jaki 62, ya ba da 31.

Alfadari ya tashi da 63,
Mara ce, ba ta raba daidai wa kowa.

Girman jiki maitosis ta yi masa,
Ita ba ruwanta da aurarwa.

Da aka zo sahun biyu-biyu,
Zaren doki da na jaki ba jituwa.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya, baitin "raba daidai wa kowa" ya yi ɗingishi, amma ilimin ya rufa masa asiri. Kuma kada kowa ya ji kunyar kuskuren ƙirge: shekara da shekaru littattafai na cewa zaren mutum 48 ne, sai a 1956 masana biyu, Tjio da Levan, suka ƙirga a Suwidin suka samu 46.

Hajiya Ungozoma:
Ni ba mawaƙiya ba ce, amma yau sai na yi. Na taɓa fitowa daga ɗakin haihuwa da jaririya a zane, lafiyayya, gashi cike da kai. Na ce wa uban, "Barka, mace ce." Ita ce ta huɗu. Ko leƙa fuskarta bai yi ba, ya saka takalmi ya fita, uwar na ciki tana jin komai. Alhali zaren da ake kira X da Y ne ke bambanta mace da namiji.

Maigida, zauna ka ji ƙirge,
Ka daina ɗora wa uwa.

Ƙwan mace X kaɗai ke cikinsa,
Ba ta da wani na miƙawa.

Kai ne mai X, kai ne mai Y,
Mayosis ɗinka ke rabawa.

In X ya riga, mace aka samu,
In Y ne, namiji ke zuwa.

Kai ma ba kai ka zaɓa ba,
Allah ne Mai bayarwa.

Wani abin kuma, Ɗan Ɗakin Gwaji: huɗun da ka ce, na namiji ne. A wajen mace ɗaya ce ke zama ƙwai, ta kwashe guzurin, sauran su shanye. Kuma ƙwan yana fara rabonsa tun yarinya na cikin uwarta, ya tsaya shekaru yana jira. In zare na 21 ya ƙi sakin ɗan'uwansa, jariri ya zo da uku, shi ne lalurar Down.

Malam Mai Alli:
Hajiya, kin gama da mu. Ga abin da zan kai wa ɗalibata gobe.

Zare 23, kowanne zaɓi biyu,
Na kaka namiji ko na kaka uwa.

Hanya 8,388,608,
Daga uba kaɗai ake lissafawa.

Uwa ma ta kawo irin wannan,
Ban sa musayar guntu a ƙirgawa.

Ke da yayarki tukunya ɗaya,
Kowacce da irin nata ɗibawa.

Baba Mai Alfadari:
To na ji. Na je turke na karanta masa, ya kaɗa kunne ya ci gaba da cin harawa.

Na ce da shi, wa ye ubanka?
Ya ce kawunsa doki ne na hawa.

Na ce 31 ɗinka na jaki ne,
Ya juya min baya da harbawa.