Wane Suna Za Mu Ba Thymus Da Hausa?

Masu fassara bayanan lafiya kan tsaya cak idan suka zo kan thymus, wato ɗan naman nan da ke bayan ƙashin ƙirji, a saman zuciya, wanda yake da girma a jikin yaro, sannan ya riƙa motsewa bayan balaga har kitse ya cinye yawancinsa. Wasu suna rubuta taimus, amma a kunne ya yi kusa da tayirod na wuya, kuma mai sauraro zai iya ɗauka ana maganar maƙoƙo da gishiri mai aidin. Wasu kuma sun ce kaluluwar ƙirji, sai dai Bahaushe ya san kaluluwa a matsayin kumburi mai zafi a hammata ko matsematsi, alhali wannan naman cikarsa lafiya ce, ƙanƙancewarsa a yaro ita ce abin tsoro.

Shawarata ita ce mu duba aikinsa. Wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini yana fitowa daga ɓargo bai ƙosa ba, sai ya shiga wannan wuri a hore shi ya iya bambanta naman jiki da baƙon ƙwayar cuta, waɗanda suka kasa kuwa a kashe su. Jacques Miller ne ya nuna muhimmancinsa a 1961, da ya cire shi daga jariran ɓeraye ya ga garkuwarsu ta rushe. Tunda muna da marina da majema da makaranta, wurin horo ya zama mahora, cikakken sunan kuma mahorar garkuwa.

Sunan yana sauƙaƙa bayanin ƙarancin zinki. (Tutiya a bar wa maƙera, a asibiti zinki ake ji.) Mahorar tana fitar da wani sinadari, taimulin, wanda ba ya aiki sai ya haɗu da zinki, kuma ƙwayoyin da ke yawaita a cikinta suna buƙatarsa domin rarrabuwa. Idan zinki ya yi ƙaranci sai mahorar ta shanye, ƙwayoyin da ake yayewa su ragu, gudawa da ciwon huhu su sami ƙofa, ita gudawar kuma ta ƙara zubar da ɗan zinkin da ya rage. A Jamaika, a 1977, Michael Golden da abokan aikinsa sun ga mahorar ta ƙara girma a yara masu tamowa bayan an ba su zinki.

Abin ya shafe mu, domin gero da dawa da masara suna ɗauke da sinadarin da ke riƙe zinki ya hana hanji tsotse shi, ko da yake jiƙa hatsi da barin gasara ta yi tsami suna rage shi, nama da hanta kuma suna ba da zinki cikin sauƙi. Ma'aikaciyar lafiya za ta iya ce wa uwa: "Ki ba shi zinkin nan kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya, domin mahorar garkuwarsa ta farfaɗo." Wannan tsawon kwanakin shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara a 2004, a lokacin sun ce miligiram 20 a rana, ko 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba.