Purusha da prakriti: me za mu kira su da Hausa?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. A taimaka, gobe da safe zan naɗi shirin rediyo kan falsafar Samkhya ta Indiya. Sun raba samuwa gida biyu: prakriti, tushen duk abin da ke motsi da sauyawa, da purusha, sanin da ba ya aikata komai, shaida kawai yake. Na rubuta "jiki da hankali" amma raina bai kwanta ba.

Malam Na Zazzau: Wa alaikumus salam, Hajiya. Cire hankalin nan. A wurinsu asalai 25 ne, 24 na ɓangaren prakriti, har da buddhi da ahamkara, wato hankali da jin "ni ne". Purusha ne kaɗai a waje. Albiruni, wani masanin Musulmi na dā, a littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, nafs ya kira shi. Ki ce ruhi da madda, wato abin da ake yin abubuwa da shi.

Ɗan Damagaram: Kullum Larabci! Hausa ta mutu ne? Ga kurwa, ga halitta.

Uwar Biyu: Kurwa a rediyo? Sai a zaci shirin mayu nake.

Malam Na Zazzau: Kuma kurwa ana kama ta, purusha kuwa babu abin da ke taɓa shi. Halitta ma ba ta zauna ba, don tana nuna mahalicci, su kuwa sun ce ba a yi prakriti ba, daɗaɗɗiya ce.

Ɗan Damagaram: To ga nawa: ganau da aikatau. Ai Samkhya Karika da kanta, babban littafin falsafar, ta kwatanta su da haɗuwar gurgu da makaho, ɗaya na gani, ɗaya na tafiya.

Bakano: Aikatau? Fi'ili ke nan a nahawu, ko 'yan aikin gida. Ku bar ƙirƙira ga masu ita.

Ɗan Damagaram: Su wa, Kanawa? Ku da rabin zancenku Turanci ne?

Bakano: Ku kuma Faransanci.

Uwar Biyu: Don Allah, lokaci na tafiya.

Malam Na Zazzau: Ganau ba laifi, ko da yake yana kawo ido a rai, alhali ido ma na prakriti ne. Aikatau dai a'a.

Uwar Biyu: Na ɗauki ganau, zan ƙara bayani. Prakriti zan bar ta da sunanta, in ce "asalin abubuwa".

Ɗan Damagaram: Rabi ke nan. To, a dai faɗa wa masu sauraro daga Damagaram kalmar ta fito.