Neman kalmar Hausa: wanda ke baje katinsa a wasan birij, me za mu kira shi?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ranar Asabar bayan La'asar zan zaunar da matasa takwas, tebur biyu, in fara koya masu birij, kuma na yi alkawarin kai masu dokokin a rubuce da Hausa. Dole takardar ta isa shagon mai bugawa ranar Juma'a da safe. Mutum huɗu ne ke wasan, biyu-biyu, abokinka na fuskantarka, kati 52, kowa 13. Kafin a jefa kati ana yin abin da na kira tayi: kowa ya faɗi ci nawa ɓangarensa zai yi bayan shidan farko (ci shi ne lashe zagaye ɗaya da kowa ya jefa kati guda), daga ɗaya zuwa bakwai. Ɓangaren da tayinsa ya fi, ɗayansu ne ke jan wasa. Ga inda na maƙale. Da zarar na hagun mai jan wasa ya jefa katin farko, sai abokin mai jan wasa ya baje katinsa duka a kan tebur, kowa na gani. Ba ya zaɓa, ba ya ba da shawara, wanda aka ce ya jefa shi yake jefawa. Turawa na kiran mutumin da katin nasa duka "dami". Ku taimaka.

Mai Shago a Ƙofar Ƙwaya: Mutum-mutumi mana. Ai ma'anar ke nan.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na gwada ta, Yaya. Sau goma sha ɗaya ta fito a shafi guda, ta cika takarda. Kuma na san yaran nan, ba wanda zai yarda a kira shi haka a gaban abokansa.

Direban Jibiya: Faransawa matacce suke ce masa. Mu ɗauki mamaci kawai.

Malama daga Daura: Subhanallahi, a'a. Ba a kiran mai rai mamaci a bakin Bahaushe, ko da wasa. Kuma bai mutu ba: doka ta ba shi damar tambayar abokinsa ko da gaske ba shi da irin katin da aka buɗe da shi, ya kuma ankarar da shi idan zai jefa daga hannun da ba nasa ne da jefawa ba. Ni ɗan amshi nake gani. Ku dubi makaɗi da yaransa: yana cikin waƙar, ba a yin ta sai da shi, amma abin da uban kiɗi ya ɗora shi yake karɓa.

Tsohon Hedimasta: Kun tsallake kura kuna dukan inuwarta. Ɗana, kana neman kalma ɗaya alhali sunan wasan kansa ka bar shi da Turanci. Mi ya hana ka rubuta wasan gada? Shi kuwa wancan mutumin, baje-koli ne sunansa. Kalma ce tamu, kowa ya san ta a kasuwa.

Ɗan Ƙofar Marusa: Allah ya ƙara girma, Baba. Sunan ba daga gadar kogi ya fito ba. Masana da yawa na danganta shi da "biric", wani tsohon sunan wasan da aka gani a rubuce a Landan a 1886. Tsarin ƙidayar da ake bi yanzu kuma wani Ba'amurke, Harold Vanderbilt, ya tsara shi a 1925. In na ce gada, sai yaro ya tambaye ni ina ruwan yake.

Tsohon Hedimasta: Ko ma daga ina ya fito. Shekara talatin ina koyar da Hausa, a gabana aka bari aro ya cinye mana kalmomi. Baje-koli na ce.

Malama daga Daura: Ranka ya daɗe, mai baje koli shi ke sa wa kayansa kuɗi, shi ke cewa albarka ko na sallama. Wannan kuwa ba shi da bakin magana a kan katinsa. Can ne kalmar ta karkace. Batun aro kuma, karta da kati duk baƙi ne, kakanninmu suka ba su masauki, har suka ce kubi, suka ce zi.

Tsohon Hedimasta: Mutanen Daura kullum sai kun nuna mana a bakin Kusugu aka haifi Hausa.

Malama daga Daura: Ban kawo zancen gari ba, Baba. Amma tunda ka taɓo, ai ba ƙarya ka faɗa ba.

Mai Shago a Ƙofar Ƙwaya: Ni abin da ya fi damuna, iyayen yaran za su ji karta su ce caca ce. Ka yi tunanin wannan?

Ɗan Ƙofar Marusa: Na yi, gida-gida na bi na yi masu bayani. Ba kwabo a teburinmu, maki ake rubutawa a takarda. Wasan na da hukumarsa ta duniya tun 1958, ana gasa kamar yadda ake yi a dara ta Turawa. Mu koma kan kalmar don Allah, lokaci na tafiya. Ɗan amshi ta kwanta mini ga mutumin. Amma ba zan iya rubuta "jefo kubi daga ɗan amshi" ba, kunne bai karɓa.

Direban Jibiya: To raba su. Mutumin ɗan amshi, katin da ke ƙasa shimfiɗa. "Jefo kubi daga shimfiɗa." Na faɗa da ƙarfi sau uku, ta zauna.

Tsohon Hedimasta: Shimfiɗa ba laifi, ko da yake baje-koli ta fi ta armashi. Ɗan amshi kuma ku je da ita tunda kun taru a kai. Amma birij ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na gode, Baba. Na sa ɗan amshi da shimfiɗa. A kan take na rubuta birij, a ƙasa na ƙara layi cewa wasu dattawa na cewa wasan gada. Saura irin katin da tayi ke naɗawa ya rinjayi sauran iri ukun. Na sa masa "mai rinjaye" da fensir, in wani na da wadda ta fi ta, ina nan har daren Alhamis.